Takobin Japan a ƙasar Abzin

Tambayar da ka aiko ta faranta mini rai, domin ba kowane saurayi ne zai nemi shawarar tsoho a kan wasa ba. Ka ce a fadarku ta Akokan, bayan isha'i, kuna zama ku yi wasan nan na labari, kai ne jagora. Ka ƙaga ƙasa mai kama da Abzin ta zamanin ayari, da duwatsunta da rijiyoyinta da aljanunta, kowane abokinka ya ɗauki jarumi guda yana magana da bakinsa, in an zo sara ko tsallake rami kuma a jefa ƙwaya mai fuska 20 ta yanke hukunci. Yanzu ɗaya ya kafe sai an ba jaruminsa katana, takobin Japan da yake gani a katun, wani da ya ji haka ya ce to shi bindiga yake so. Kana tsoron in ka yarda ƙasar da ka gina ta wargaje, in ka hana kuma zumunci ya yi tsami.

Muddin ba a sa kuɗi a wasan ba, ba a kuma bar salla dominsa ba, ni ban ga aibinsa ba, ya ma fi zaman da kowa ke sunkuye da waya. Game da tambayarka kuwa, shawarata ita ce ka bari kayan su shigo. Sai dai kada su faɗo daga sama. Duk baƙon abin da ya taɓa shigowa ƙasar nan ta hanya ya biyo, a bayan raƙumi ko a bayan kamyo. Wani ya biya kuɗinsa, wani ya koyi riƙonsa, wani kuma ya sha wahalar gyaransa. Ka sa kayan wasanka su bi wannan hanyar, za ka ga sun ƙara wa ƙasarka nauyi.

Duba takobin da kake ɗauka shi ne na gida tsantsa. Takobin Abzinawa, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, da mariƙinsa mai giciye da kubensa na jar fata, babu mai cewa ba namu ba ne. Amma da yawa daga cikin tsofaffin ruwan takubban nan ba a nan aka ƙera su ba. Daga Solingen da Passau na ƙasar Jamus suka fito, jirgin ruwa ya sauke su a Tarabulus, fatake suka bi da su ta Gadamas da Gat har Agadas da Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zauna a Agadas a 1850 ya kuma isa Kano a 1851, ya rubuta cewa ruwan takubban Solingen dubbai ne ke shigowa kasuwar Kano, a can ake yi musu mariƙi da kube su bazu a ƙasa. Wasu na ɗauke da tambarin kyarkeci mai gudu, wasu jinjirin wata biyu masu fuskar mutum. Da tafiya ta yi nisa, maƙeranmu suka riƙa buga irin waɗannan tambura a kan nasu aikin, saboda masu saye sun saba da su. Bayan zuwan mota kuma suka koma ƙera takobi da ƙarfen sifirin. Ruwan baƙo ne, amma hannun maƙeri na gida da matarsa mai aikin fata su suka mayar da shi ɗan ƙasa.

Haka sulke. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a yaƙi, yau kuwa ba a hawan salla sai da su. Alashon da dattijon Abzin ke naɗawa, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buge shi. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldibs ya fito, can cikin tekun Indiya. Ganyen shayin da ke tafasa a gabanku kuna wasa, daga Sin yake. Saboda haka in ka gina Abzin wadda babu baƙon kaya a cikinta, ka gina ƙasar da ba ta taɓa wanzuwa ba, kuma ta fi ta gaske talauci.

Kafin ka yanke komai, ja abokin nan gefe ka tambaye shi me yake so a jikin katana. Sau da yawa yaro siffar yake so: ya ga jaruminsa ya zare lanƙwasasshen takobi, jama'a su juyo su kalle shi. In haka ne, abin da sauƙi. Ba shi, amma lissafin saransa ya zama daidai da na takobin gida, ba ƙari ba ragi. Masu ƙirƙirar wasan ma sun zo nan ne bayan dogon zagaye. Na bi littattafan da ka turo mini a waya. Dungeons & Dragons ya fito a Amurka a 1974, aikin Gary Gygax da Dave Arneson, da makamai irin na tsohuwar Turai. A 1985 aka yi littafi na daban, Oriental Adventures, don jarumai da makaman Gabas mai nisa. A bugu na 3, na shekarar 2000, aka ce baƙon makami sai jarumi ya sadaukar da wani kaso na horonsa kafin ya iya sarrafa shi. A bugu na 5, na 2014, littafin jagora ya ce kawai a lissafa katana a matsayin dogon takobi. A ganina wannan na ƙarshen ya fi kusa da gaskiya. Katana aikin gwanaye ce, babu musu. Amma ninkin da maƙeran Japan ke yi wa ƙarfenta, suna yi ne don su fitar da dattin ƙarfen da suke narkawa daga yashi, ba wani sihiri ba ne. Kaifinta ɗaya, da hannu biyu aka saba riƙe ta, wato mai ita ya haƙura da garkuwa. Tana tsatsa in ba a shafa mata mai, wasa ta kuma sana'a ce mai zaman kanta a can. Ka tuna masa wannan tun ranar farko, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan ka ɗora masa aiki: shi zai ba da labarin yadda ta iso. Nisa ba hujja ba ce, tunda wuri ya iso. Wataƙila wani ɗan kasuwa ya ɗauko ta a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan Jidda, wani alhaji ya karɓe ta a bakin bashi a Makka, ya biyo ta Alƙahira da Fezzan, ya rasu a Bilma, ta faɗa hannun madugun ayarin gishiri. Wa ya gāje ta? Akwai mai neman ta? Ɗan alhajin nan ya san inda take? In ya zauna ya tsara wannan, ka samu labarin dare da yawa kyauta, shi kuma ya samu abin da ya fi ƙarin maki daɗi, domin yanzu takobinsa na da dangi da abokan gaba. Kada ka manta da idon jama'a. A garin da kowa ya san takobin kowa, mai baƙon takobi ba ya ɓuya. Sarkin gari zai aiko a kawo ya gani, kuma ka san abin da sarki ya yaba da baki, mai shi yakan shiga tunani. Mai karɓar kuɗin hanya zai ƙara masa. Maƙeri zai juya ta a hannu ya ce shi bai san wannan ƙarfe ba, in ta kare sai dai a yi haƙuri.

Bindiga kuwa maganarta ta fi tsawo, domin ita ba siffa kawai take canjawa ba. Nan ma tarihinmu bai bar ka a duhu ba. Bindigogi sun shigo Kano tun zamanin Sarki Kumbari a ƙarni na 18, amma doki da mashi da kibiya suka ci gaba da yanke yaƙi har shekaru masu yawa bayan haka. Dalili a fili yake. Bindigar toka tana cin lokaci wajen ɗuri, tana ƙin tashi, tana fashewa a hannun mai ita, kuma in albarushi ya ƙare ta zama sanda. Wanda ya fahimci wannan sosai shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, a rabi na biyu na ƙarni na 19. Bai tsaya ga sayen bindiga daga fataken Tarabulus ba, ya sa ana haɗa albarushi a garinsa, ana zuba igwa, ya tara masu gyara. Ƙarfinsa a maƙera yake kafin ya kasance a fagen fama. In ɗan wasanka na son bindiga, tambaye shi ina Damagaram ɗinsa take, wato ina zai riƙa samun albarushi da harsashi, kwana nawa ne tafiya, kuma da me zai biya.

Ga kuma Kaocen, wanda kuka karanta a lakkol. A Disambar 1916 ya iso Agadas tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, yana da igwa da bindigogin zamani, yawancinsu waɗanda aka ƙwace daga Italiyawa a Fezzan. Ya tsare Faransawa a barikinsu har farkon Maris na 1917, lokacin da dakaru suka zo daga Damagaram suka warware ƙawanyar. Makaman sun ba shi abin da takobi ba zai ba shi ba, amma barikin bai faɗi ba, kuma tushen harsashinsa na can ƙetaren hamada. Abin da ya biyo baya na kisa da ƙaura a Abzin, tsofaffi har yau ba sa faɗarsa da sakin fuska. Ban kawo wannan don ka mayar da shi wasa ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa baƙon makami yakan buɗe ƙofa, amma ba shi ke gama yaƙi ba, kuma jagora mai hankali zai bar bindiga ta yi rawar gani sau ɗaya ko biyu a inda ake buƙata, sannan ƙidayar harsashi ta fara damun mai ita.

Kai ɗan Arlit ne, ba ka buƙatar littafi kafin ka gane wannan. Garinku an kafa shi ne a ƙarshen shekarun 1960 domin baƙin injuna. Somaïr ta fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak ta Akokan a 1978, har aka rufe ta a ƙarshen Maris na 2021. Wutar da ke juya injunan daga gawayin Sonichar na Tchirozérine take zuwa. Sinadarai da kayan gyara kuwa a da daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke tasowa, tafiyar kusan kilomita 2,000 ta Dosso da Tawa da Agadas. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, ai ka ga yadda masana'anta ta rasa sinadaran aiki, alhali dutsen na nan a ƙasa bai je ko'ina ba.

Imouraren ta fi kowanne bayyana abin. Tana nan kudu da ku, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka. Tun 1966 aka gano arzikin yuraniyom da ke kwance a wurin, yana cikin mafi girma a duniya. A watan Mayun 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin aikin tare da shugabar kamfanin Areva, aka ce za a riƙa fitar da tan 5,000 a shekara. Aka kawo manyan motocin haƙa waɗanda tayarsu ta fi mutum tsawo, aka fara kware ƙasa, aka ɗauki samari aka horar da su. Sai girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka afka wa Fukushima ta Japan a Maris na 2011, farashin yuraniyom ya faɗi, a 2014 aka ɗage aikin, ma'aikata suka watse. A Yunin 2024 gwamnati ta janye lasisin daga hannun Orano, wato Areva ta da. Babu abin da ya lalace a jikin motocin nan ranar da suka tsaya. Igiyar da ke riƙe da su ce aka saki daga wata duniya. Wannan igiyar nake so ka ɗaura wa duk wani baƙon abu mai ƙarfi a wasanka. Abin na aiki ƙwarai, amma rayuwarsa na hannun wata hanya, wata kasuwa, wani sarki mai nisa. Ranar da 'yan fashi suka tare hanyar Gat, ko annoba ta hana ayari tashi, jarumin da ya dogara da bindiga zai fara neman abokinsa mai kwari da baka. A nan ne wasa ke yin daɗi, domin kowa ya koma buƙatar kowa.

Akwai wani gefen kuma. Abin da ya yi amfani ba ya zama a hannun mutum ɗaya. Ka tuna 2014, da zinare ya bayyana a Djado, sannan a Tchibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Waɗanda suka fara zuwa da na'urar gano ƙarfe, da yawansu daga Sudan da Cadi, su suka kwashi na sama. Cikin ɗan lokaci na'urar ta cika kasuwar Agadas, kowa na da ita, fifikon ya gushe, sai ramuka masu zurfi da tsadar ruwa da 'yan fashin hanya suka rage. To haka ƙasar wasanka za ta yi in mai rai ce. In jarumi ya harbe dodo a gaban jama'a, bayan wata biyu na labari sarkin yaƙin abokan gaba ya aika fatake a sayo masa irinta. Gaya wa 'yan wasanka wannan ƙa'ida a fili: abin da aka halatta muku, an halatta wa maƙiyanku. Za ka ga sun rage roƙo da kansu.

Abin da ya fi damuna, ɗana, ba katana ba ce. Tsorona shi ne a wayi gari a fadarku duk abin da ya zo daga nesa shi ne mai ƙarfi, na gida kuma kayan masu farawa. Yara sun sha wannan darasi a kasuwa da talabijin, bai kamata su sake shan sa a wasan da ɗan'uwansu ya ƙaga ba. Ka zauna ka ba kayan gida haƙƙinsu a lissafi. Babbar garkuwar fata ta Abzinawa tana rufe mahayi daga kafaɗa zuwa gwiwa. Siririn mashin ƙarfe daga kan raƙumi ya fi kowane takobi isa nesa. Wuƙar damtse tana nan lokacin da aka ƙwace wa mutum komai. Kibiyar da aka shafa wa kwankwani ba ta buƙatar rauni mai zurfi. Lifidi na shanye sara. Salka da sanin rijiya kuwa sun fi ceton rai a Tenere fiye da duk makaman nan a haɗe, kuma ya kamata madugun da ya san taurari ya ji cewa gwanintarsa na da maki. In wata rana ka kai jaruman wata ƙasa ta bakin teku, bari mutanen can su taru suna shafa turkuɗi suna tambayar kuɗin takobi. Ai jar fatar akuyar Sakkwato da Kano ta yi suna a Turai tun da daɗewa, ko da yake da sunan Maroko aka san ta saboda ta can take bi.

In ka ba da abu sannan ka ga ya fi ƙarfin wasan, kada ka aiko ɓarawo da dare ya sace shi don kawai ka yi nadama. Yaran za su gane, kuma daga ranar ba za su ƙara amincewa da hukuncinka ba. Faɗa musu gaskiya a kan shayi na biyu: abin nan ya danne sauran, ku zo mu rage shi tare. Mai shi ya zaɓi abin da za a rage, ko nisa, ko yawan harsashi, ko tsadar gyara.

Haka nan in kana so baƙon abu ya zo da cuta a ɓoye, irin zoben da ke shan ƙarfin mai shi, to ka sa alamu tun da wuri, tsohuwa ta yi gargaɗi, raƙumi ya ƙi matsowa kusa, domin mai lura ya tsira. Kuma ka taka a hankali, don a garinku wannan ba tatsuniya ba ce. Tun 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir in'Man ta nan Arlit, suka auna ƙarafan da suka fito daga ma'adinai suka shiga kasuwa, suka samu wasu na ɗauke da guba marar launi marar wari, ga shi mutane na yin kayan gida da su. A 2009 Greenpeace ta auna irin wannan a wasu titunan Akokan. Mai yiwuwa a cikin masu zama da kai akwai wanda gidansu ya yi jinya mai tsawo. Duba fuskokinsu kafin ka kawo irin wannan labari, in ka ga wani ya yi shiru, sauya hanya.

Ka ce akwai mai riƙe da jarumin maƙeri, kuma yana ganin an bar shi a baya. Shi wannan al'amari zai fi yi wa amfani. Duk baƙon makami ya bi ta hannunsa: shi zai auna ƙarfen, shi zai yi wa katana sabon kube na jar fata idan nata ya tsage saboda bushewar iska, shi zai gwada haɗa albarushi ya ƙone gira kafin ya dace, kuma in ya daɗe yana nazari, ka bar shi ya ƙera kwatankwacinsa da tambarin kansa. In Allah ya kawo ku Agadas lokacin Bianou, ka zo da shi da mai katanar. Zan kai ku wurin maƙeran tsohon gari, ku roƙi a zaro muku tsohon ruwa guda ku duba tambarinsa, ku tambayi ta inda ya biyo. Ku taho da littafin da kuke rubuta lissafin makamai a ciki.